Golan da Na Zaunar a Benci

Ƙofar Rini, Sakkwato.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, Ya tsare ka a ƙasa da sama, Ya sauke ka cikin aminci a inda za ka. Na ba Innarka ita na ce ta tura a aljihun jakarka, kusa da yajin da ta daka maka, don kada ka gan ta sai ka yi nisa. Ka san ni, abin da zan iya rubutawa ba lalle in iya faɗinsa ina kallon idonka ba.

Ran da ka zauna a zaure kana yi mini bayanin wannan zari-ruga taku, na yi kamar hankalina yana kan rediyo, amma na ji komai. Har yau ban gane wasan da ake gudu gaba ana jefa ƙwallo baya ba, ƙwallon ma mai kama da gwanda, amma wannan matsalarku ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da ka ce manyan kulob na ƙasar Sikotilan biyu ne kacal, kuma mutanen can suna ta gardama a kan baƙi irinku. Wasu na cewa in ba a ɗauko gwanaye daga waje ba kulob ba zai ci kofi ba. Wasu na cewa duk baƙon da ya shiga fili ɗan gida ɗaya ya zauna ke nan, alhali cikin 'yan gidan ne ƙasa ke zaɓen masu buga mata. Kana faɗa kana dariya. Ni na taɓa tsayawa a tsakiyar wannan gardamar da takardar sunaye a hannuna, na yanke hukunci, kuma hukuncin ya raba ni da yayanka. Kana ƙarami lokacin, ba wanda ya gaya maka. Yau zan gaya maka.

Shekara goma sha ɗaya ina horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta unguwarmu, da yamma, in na tashi daga koyarwa a firamare. Filinmu yana inda shagunan masu siminti suke yanzu. Muna da ƙa'ida ɗaya da na gada daga waɗanda suka riga ni. In damina ta ɗauke, kowa ya fito da fartanya da lauje da tsintsiya. A nome ciyawa, a tsince ƙarangiya, a kwashe duwatsu da fasassun kwalabe, a cike ramukan da ruwa ya ci, sannan kowa ya kawo toka daga murhun gidansu a ja layi. Kwana uku ana yi. Wanda ya share fili shi ke sa jesi a shekarar. Wanda bai zo ba, ko ɗan wane ne, ya tsaya bayan layi ya yi kallo. Ba a rubuta ta ko'ina ba, kuma ban taɓa jin an yi musunta ba.

Ni na karya ta. A shekarar mun kai wasan ƙarshe na gasar unguwanni, za mu haɗu da 'yan Ƙofar Atiku, waɗanda suka fitar da mu shekara uku a jere. Saura mako guda, sai ga Alhaji Tukur mai gero, uban ƙungiya, wanda ke saya mana jesi da ƙwallo. Ya zauna a zauren nan aka kawo masa shayi.

Ya ce, "Malam, shekara ukku mutanen ga na yi muna dariya cikin kasuwa. Na samo maka 'yan gaba biyu daga Ƙonni, can ƙetaren iyaka. In sunka riƙe ƙwallo ba mai amsar ta."

Na ce, "Alhaji, ba su share hili ba."

Ya ce, "Hili aka ba kohi, ko wanda yac ci wasa?"

Ba zan ɗora wa Alhaji Tukur laifi ba, ya riga mu gidan gaskiya, kuma na fi shi son kofin nan. Ina son a ce a zamanin Malam aka ci. Kafin shayinsa ya huce na yarda.

To Nasiru, yanzu kai ne mutumin Ƙonni. Jesin da za su miƙa maka akwai wanda ya daɗe yana jiransa, wani yaro da ubansa ya riƙa kai shi fili cikin sanyi da ruwan sama tun yana ƙanƙane. Ba kai ka zalunce shi ba, kuma ban ce ka rage gudu don ka faranta masa ba, aiki aka kira ka. Amma ka neme shi tun makon farko, ka san sunansa, ka riga shi gaisuwa. In ya ɗaure maka fuska ka ƙyale shi, yana da dalili. Abin da ka iya wanda bai iya ba ka nuna masa, ko da ka san wata rana da shi zai ture ka. Kowane wuri yana da irin sharar filinsa, wani aiki marar daɗi da 'yan gida ke yi ba a sa su ba. Ka gano nasu, ka shiga ciki ba tare da an kira ka ba.

Shigar baƙi biyu na nufin yara biyu su zauna. Na zaɓi biyun, labari ya kai gidajensu kafin magariba. Washegari bayan la'asar, a ƙofar masallaci, Malam Shehu tela, uban ɗaya daga cikinsu, ya tare ni gaban jama'a. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Malam, mun ji an zamnar da ɗiyanmu. To naka hwa? Ko tokar gidanku ta hi tamu hwari?"

Yayanka ne golanmu. Shekararsa goma sha tara. Duk gasar nan sau biyu kawai aka ci shi, ɗaya ma fanareti ce. Ba don shi ba da ba mu ji ƙanshin wasan ƙarshe ba, kowa ya san haka, har shi Malam Shehun. Da ni mutum ne mai ƙashin baya da na ce masa gola daban, ɗan gaba daban. Ko kuma, abin da ya fi, in sallami baƙin in maido da yaran mutane. Amma ka san yadda muka tashi. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a tsaya masa gaban mutane. Ni ma ɗan fari ne, har mahaifina ya rasu ban ji sunana a bakinsa ba, kuma na ɗauki hakan mutunci. A fili ma "Gola" nake ce wa yayanka. Da aka ce ina fifita ɗana, kuma ɗan fari, sai na ji kamar an tuɓe mini riga a kasuwa. Daga masallacin na wuce wurin Alhaji Tukur na ce in akwai gola a Ƙonni a haɗo da shi. Aka kawo wani dogon saurayi, Mamman.

Ana gobe wasa na tara su a ƙarƙashin dogon yaro na karanta sunaye. Da na gama, Lawali kyaftin ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Malam, golanmu hwa? Mi yay yi?"

Nan ne na yi abin da ya fi komai muni a rayuwata. Gaskiyar magana gajera ce: ɗana ne, ya iya, amma ina jin kunyar in bar shi in zaunar da 'ya'yan wasu. Sai dai faɗin haka na nufin in ce "ɗana" gaban yara ashirin, in kuma yabe shi yana ji. Bakina ya ƙi. Na nemi wata hanyar, na same ta da sauri.

Na ce, "Hannunai na rawa in wasa yay yi zahi. Na daɗe ina lura. Ba a kai matsoraci wasan ƙarshe."

Yayanka ya zare safar hannunsa, wadda ya ɗinke da kansa ya fi sau biyar, ya miƙa wa Mamman da hannu biyu. Ya koma gefe ya zauna a kan dutse. Na tafi gida ina jin na wanke kaina, har ina ganin mutane za su ce Malam adali ne, ko ɗansa bai bari ba. Kuma sun faɗa.

Ka ji wannan da kyau, domin ya shafe ka ta fuska biyu. In wata rana ya zama dole ka hana mutum abin da ya cancanta, ka gaya masa ainihin dalili, komai muninsa a kanka. Kada ka ƙirƙiro masa aibi don ka ɓoye naka. Sannan kai ma za su zaunar da kai, babu makawa. Wata rana surutun 'yan kallo zai yi yawa a kan baƙi, kociya ya ji tsoro, ya kira ka ya ce gudunka ya ragu ko kafaɗarka ba ta da ƙarfi. Ka saurara da ladabi, ka je ka auna maganar da kanka, ka tambayi wanda ba shi da abin karewa. In gaskiya ce ka gyara. In ba gaskiya ba ce kada ka haɗiye ta. Kociya mutum ne mai tsoron bakin jama'a, na yi aikin, na san abin da ke fitowa daga bakinmu in mun tsorata.

Mun ci wasan biyu da ɗaya. 'Yan Ƙonni suka ci duka biyun. Wadda aka ci mu ta bi ta tsakanin ƙafafun Mamman ne, irin wadda yayanka zai kama yana hamma. Shi kuwa ranar ruwa ya riƙa kai wa 'yan wasa, da aka tashi ya taya ɗaukar kaya. Aka zaga da ni unguwa a bayan a-kori-kura ina riƙe da kofi. Shi ne wanda kake gani a saman kabad, Innarka na zuba maɓallai a ciki.

Da daminar da ta biyo baya ta ɗauke na sa aka yi shelar shara. Yara bakwai suka zo. Na aika a kira Lawali, ya aiko a ce mini yana gaishe ni, amma a aika Ƙonni su zo su share. Na yi fushi na ce rashin kunya ce. Maimakon in bi gida-gida in ba da haƙuri, sai na ƙaro baƙi don in cike gurbi. Cikin shekara biyu, a cikin goma sha ɗayan da ke shiga fili, uku ne kawai 'yan unguwa. Muna cin wasa, amma bakin layi ba kowa. Wa zai rufe shago ya zo kallon ɗan wani gari? Ƙananan yaran da a da ke tsayawa bayan raga suna jiran girmansu ya zo suka koma wasu unguwanni, tun da sun ga ƙarshen jiran. A shekara ta uku ƙarangiya ta rufe filin, aka fara zuba shara, daga baya aka yanka shi.

In wata rana aka tambaye ka ra'ayinka a kan gardamarsu, ga abin da tsohon kociyan Ƙofar Rini ya gano bayan ya rasa komai. Baƙo ba shi ne cutar ba. Mamman ya iya jera katanga in za a buga firikik, abin da ni ban taɓa koya wa kowa ba. Da tun farkon shekara na kawo shi, shi kaɗai ko su biyu, ya riƙe fartanya tare da yaranmu, ya koya musu abin da ya sani, da mun ƙaru da shi har bayan tafiyarsa. Ni kuwa na kawo su ne ana saura mako, don su ci mini kofi, na tsallake da su kan waɗanda suka yi wahala. Ka gaya musu su riƙa duba benci, su ga ko yaran da ke zaune a kai har yanzu suna sa ran shiga.

Shi ma Mamman ban yi masa adalci ba. A shekara ta biyu gwiwarsa ta goce a wani wasa, ya ɓoye, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da bugawa don yana tsoron in kawo wani. Na gani, na kau da kai, ina buƙatarsa. Da gwiwar ta ƙi gaba ɗaya, na kai shi tashar Illela na sa shi a motar da ke bin hanyar Ƙonni, na ɗaga masa hannu. Ban sake neman labarinsa ba. Bayan shekaru wani direba ya ce mini ya gan shi yana tafiya da sanda. Shekara biyu yaron nan yana tsare mini raga, ban san sunan ubansa ba.

Wannan ne ya fi hana ni sukuni game da kai. Na ga hotunan wasanku a wayarka, mutane kamar bijimai suna karo da juna. Ɗan gida in ya karye yana da uwa a garin, yana da maƙwabta masu jin kunyar a yar da shi. Baƙo in ya karye mota ake sa shi. Kada ka taɓa ɓoye ciwo don tsoron rasa gurbi, musamman in kanka ne ya bugu. Ka sa wanda ya san doka ya karanta maka abin da takardar kwantiraginka ta ce game da rauni, ba wanda ya kai ka ba, wani daban. Takardar shaidar karatunka ka adana ta inda ruwa ba zai taɓa ba. Ka nemi masallaci, ka yi abokai waɗanda ba ruwansu da ko ka ci ko ba ka ci ba, domin su ne za su zo duba ka.

Yayanka bai sake taɓa ƙwallo ba. Ya tafi Gidan Igwai koyon gyaran keke mai ƙafa uku, ya ƙware, ya yi aure, ya zauna can. Ka san yadda yake yi. Kowace Juma'a bayan an sauko ya zo zaure, ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya tambayi lafiya, in ce lafiya lau, ya shiga wurin Innarku, can in jiyo dariyarsa. Bai taɓa yi mini musu ba, bai taɓa ɗaga ido ba. Sau ɗaya Innarku ta ce, "Malam, ka gaya mishi gaskiya, yaron ga ya canza." Na ce ai ya sani, wa bai san ya iya ba? Na yi ta gaya wa kaina haka shekara goma sha huɗu. Na ɗauka fushi yake yi a ɓoye, kuma fushi yana hucewa.

Maganarka ta zari-ruga ce ta tayar da ni. Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, na hau kabu-kabu na tafi Gidan Igwai. Na same shi a tsugune gefen wani keke, hannunsa duk baƙin mai. Na tsaya a kansa, ban taɓa zuwa wurin aikinsa ba sai ranar.

Na ce, "Haliru."

Ya ɗago, ya gan ni, ya waiga bayansa ya duba ko da wani nake. Sannan ya miƙe zai durƙusa, na riƙe kafaɗarsa.

Na ce, "Maganar da niy yi ranar nan ƙarƙashin dogon yaro, ƙarya ta. Hannunka bai taɓa rawa ba. Ka hi Mamman nesa, ban ga gola irinka ba hilin nan. Kunyar mutane nij ji, nil laƙa maka abin da babu."

Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Na yi zaton zai ce ya sani, ko ya ce ba komai.

Ya ce, "Baba, bayan wasan nan da wata ukku wani mutum yaz zo nemana daga wani babban kulob. Ya ga wasanninmu na baya. Yac ce in zo gwaji, har takarda ya ba ni. Ko Inna ba ta sani ba."

Na ce, "To mi ya hana ka?"

Ya ce, "Nic ce mishi ya nemi wani. Nic ce in wanda yah haihe ni, wanda ka kallona kullum, ya ga hannuna na rawa, to shina rawa, ni na ban lura ba. Na san Baba bai ƙarya."

Nasiru, ba fushi yake yi ba duk shekarun nan. Yarda ya yi da ni. Kan da yake sunkuyarwa a zaure, kunyata yake ji, yana ganin ya kunyata ni da tsoro. Na roƙe shi gafara a bakin titi, mutane na wucewa. Ya ce Allah Shi yahe muna baki ɗaya, ya ce mai keke na jira. Ya koma ya tsuguna. Na tsaya ina kallonsa yana ɗaura wani ɗan ƙaramin noti a lungun da ido ba ya gani, da yatsu biyu, sau ɗaya ya shiga. Ban san lokacin da na baro wurin ba.

Jiya Juma'a ka ga ya kira ka a waya, ka fita ka same shi a bakin titi kuka yi sallama a can, ka dawo kana cewa aiki ya yi masa yawa. Ba aiki ba ne. Ina zaune a zaure tun da aka sauko har aka kira la'asar, bai shigo ba. Wannan ce Juma'a ta farko da ya tsallake. Innarku ta ce in gode wa Allah, yanzu ne ya fara fushin da ya kamata ya yi tun yana ɗan sha tara. Wataƙila tana da gaskiya. Ni dai abin da na sani, na ƙwace masa abu sau ɗaya, ranar Talata kuma na je na nuna masa girman abin da na ƙwace.

Kada ka shiga tsakaninmu, kada ka roƙe shi a madadina, wannan kayana ne. Ka dai riƙa kiransa. In ka buga wasa ka gaya masa yadda aka yi, ka tambaye shi shawara, yana da idon wasa fiye da ni. Kai kuma, tun da ban san ko za ka dawo ka same ni ba, ga abin da ban taɓa gaya maka ba: ka iya. Na je kallonka sau biyu ba ka sani ba, ban gane dokar ba, amma na san gwani in na gan shi. Duk wanda ya ce maka akasin haka, ubanka ya riga shi magana.

Allah Ya tsare maka ƙashinka da kanka da imaninka. Ya haɗa ka da shugabanni masu faɗin gaskiya, Ya sa mutanen garin su karɓe ka, Ya buɗa wa yaron da za ka zaunar tasa ƙofar. Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Innarka na sa maka albarka, ni ma na sa. In ka yi sujada a can ka sa yayanka a addu'a kafin ka sa ni. Gobe in mun raka ka tasha, daga can Gidan Igwai zan wuce, in zauna a bencin masu jiran gyara. Ban san ko zai ɗago ba.

Wassalam.

Mahaifinka.